Toshe kafofin iska a saman silin kafin a zuba insuleshan: dole ne ko ƙarin kuɗi ne kawai?

Baban Amira: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sana'a. Gida ne a gefen Miniyapolis ta jihar Minesota a Amurka, ginin 1968, ba bene, faɗinsa ƙafa murabba'i 1,200. A saman silin akwai tsohon insuleshan, wato abin da ake shimfiɗawa don riƙe ɗumin gida, na audugar gilashi, kaurinsa bai wuce inci 6 ba, wani wurin ma katako ake gani. Da hunturu ƙanƙara tana taruwa a bakin rufi, tana zuro tsinaye har kusa da taga. Ɗan kwangila na farko ya ce zai zo da inji ya hura sabo a kan tsohon, yini ɗaya an gama. Na biyu ya ce sai an fara toshe kafofin iska, kuɗinsa kuma ya fi. Toshewar nan dole ce, ko dai hanyar cin kuɗi ce?

Injiniya Bazazzagi: Wa alaikumus salam Baban Amira. Na biyun ne ya gaya maka gaskiya. Insuleshan irin na auduga, ko na gilashi ko na niƙaƙƙiyar takarda da ake kira selulos, aikinsa rage tafiyar zafi ta cikin abu. Ba ya tare iska. Kamar suwaita ce ta saƙa: tana ɗumi in iska ta kwanta, amma in iskar hunturu ta taso sai ta ratsa ta kai ga fata.

Ga abin da ke faruwa a gidanka. Da sanyi, iskar cikin gida mai ɗumi ba ta da nauyi, sama take yi, tana danna silin. Duk inda ta samu kafa sai ta fice zuwa saman silin, ita kuma iskar waje mai sanyi ta shigo ta ƙasa, ta gindin ƙofofi da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ta maye gurbinta. Gidan ya zama bututun hayaƙi ke nan. Iskar da ta fice kuwa ba zafi kaɗai ta ɗauka ba, har da danshin wanka da girki da numfashi. Zafin ya ɗumama rufi ta ƙasa, dusar ƙanƙara ta narke ta gangaro, ta iso bakin rufi inda ba ɗumi, ta sake daskarewa. Shingen ƙanƙarar da kake gani ke nan. Ruwan da ya biyo baya ya rasa hanya, sai ya koma ƙarƙashin rufin ya sauko ta bango.

In aka hura inci 12 a kan kafofin nan, an binne su ne kawai. Kuma duk wanda zai nemo su daga baya sai ya yi iyo cikin ƙura.

Dattijo Mai Rufi: Injiniya ya faɗi rabi, bari in ƙara rabin da ya fi ciwo. Ƙarin insuleshan ba tare da toshewa ba yana iya ɓata rufin da a da lafiyarsa lau. A yanzu zafi yana ta tsiyaya sama, katakon rufin yana samun ɗan ɗumi yana bushewa. Ka zuba mai kauri, saman silin ya ƙara sanyi, danshin kuma yana nan yana hawa ta kafofin. Sai ya daskare a jikin katako. Ka hau da tocila a watan Janairu ka haska tsinin ƙusoshin da suka ɓullo ta cikin rufi. In ka ga sun yi fari fat da ƙanƙara, ko sun yi tsatsa da baƙin zobe a katakon da ke kewaye da su, to ka ga shaida. Ranar da gari ya ɗan sake, duk wannan ya narke ya ɗiga a kan silin, mai gida ya kira mai rufi yana cewa rufi na yoyo. Alhali rufin bai yi laifin komai ba.

Baban Amira: Na gode Baba. To ta yaya ake gane kafofin? Daga cikin ɗaki silin ɗin sumul yake, ban ga ko tsaga ba.

Injiniya Bazazzagi: Daga ɗaki ba za ka gani ba, don yawancinsu a cikin bango suke. Bangon gidajen nan ai ba bulo ba ne, katako ne da allon jifsam gefe da gefe, cikinsa rami. Iska tana shiga ta soket da makunnin fitila da gindin bango, ta hau cikin ramin, ta fita ta sama.

Kafin ka hau, zana taswirar gidan a takarda: ina bango yake, ina fitilu, ina banɗaki, ina kicin, ina bututun hayaƙi. A sama komai kama yake da juna, takardar ce za ta yi maka jagora. Sannan ka nemi inda audugar ta yi baƙi ko toka-toka. Mutane suna zaton fumfuna ce, galibi kuwa ƙura ce: shekara da shekaru iska tana ratsa wurin, audugar tana tace ta kamar rariya. Ɗaga ta, kafar tana ƙarƙashi.

Ka fara da manya. A gida irin na shekarun 1960, abin da na fi zargi shi ne akwatin da ake saukarwa daga silin zuwa kan kabad ɗin kicin, wani lokaci har da na saman bahon wanka. Sau da yawa an gina akwatin kafin a buga jifsam, don haka ta sama a buɗe yake, yana haɗe da cikin bango kai tsaye. Rami ne da zai iya kai ƙafa 1 a faɗi, ƙafa 10 a tsawo, an shimfiɗa masa auduga kawai. Shi kaɗai ya fi ramukan waya hamsin. Sai ramin da aka bari don bututun banɗaki ya wuce, da wanda ke kewaye da bututun hayaƙi, da murfin da ake hawa silin ta nan. Bayan su sai fitilun da aka nutsa cikin silin, da fankar banɗaki. Daga ƙarshe sai ƙananan: ramukan waya, akwatunan fitila, da doguwar tsagar da ke tsakanin katakon saman bango da allon jifsam. Ita wannan siririya ce, ba ta kai kaurin tsinken ashana biyu ba, amma ka lissafa tsawon dukkan bangon gidan, gefe biyu, ka ga abin da ta tara.

Maman Sadik: Ku dakata tukuna. Kafin a taɓa komai a gidan 1968, a duba abin da ke ƙarƙashin audugar. In ka ɗaga ka ga wasu ƙananan tsakuwoyi marasa nauyi, masu ƙyalli, launin toka ko ruwan zinariya, wannan bamikulait ne. Ka mayar da audugar a hankali ka sauko. Mafi yawan wanda aka sayar a Amurka, sama da kashi 70 cikin 100, daga mahaƙar garin Libi ta jihar Montana ya fito, wadda aka rufe a 1990, kuma yana gauraye da asbesto, ma'adinin da ƙurarsa ke illata huhu. Da sunan Zonolite aka fi saninsa, nan Kanada ma ya cika tsofaffin gidaje. Hukumar kare muhalli ta Amurka cewa ta yi a ɗauka kawai yana da asbesto, kada a motsa shi. Ba shara, ba injin zuƙe ƙura na gida, ba “bari in ɗan matsar da shi gefe”. A bar kaza cikin gashinta har sai masu lasisin kwashe asbesto sun zo.

Mai Wayarin: Hajiya ta yi daidai. Ni kuma ta ɓangarena: tsohon wayarin nan da ake ɗaure waya ɗaɗɗaya a kan ƙullutun tangaran, ba a binne shi cikin insuleshan, don da iska yake huce zafi. Amma shi na gidajen kafin 1950 ne, da wuya a 1968. Abin da ya kamata a duba a gidan wannan shekarar wayar alminiyom ce, an yi yayinta daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon 1970. Mahaɗarta tana saki tana zafi. A sa mai lantarki ya duba tun silin yana buɗe. Duk mahaɗar waya da aka gani a waje ba akwati, ko akwati ba murfi, a gyara. Kuma a kafa ɗan tsinke mai tuta a kan kowane akwati yadda zai leƙo sama da sabon insuleshan, don wanda zai zo bayan shekara goma.

Baban Amira: Na leƙa ɗazu, audugar gilashi ce zalla, mai ruwan hoda, ba tsakuwa. To da me ake toshewar? Na ga gwangwanayen kumfar toshe rami, wadda ake fesawa ta kumbura ta ƙanƙame, kala-kala a shago.

Injiniya Bazazzagi: Girman kafa ne ke zaɓar kaya. Wadda ba ta kai rubu'in inci ba, silikon ko makamancinsa. Daga rubu'in inci zuwa inci 3, kumfar gwangwani. Wadda ta wuce haka ba a cika ta da kumfa, faɗawa za ta yi cikin bango. Murfi ake yanka mata da allon kumfa mai tauri, ko jifsam, ko falankin filawud, ya ɗara ramin da inci 1 ta kowane gefe, a ɗaure da sukuru, sannan a bi gefensa da kumfa. Akwatin saman kabad haka ake yi masa.

Shawarata ka sayi bindigar kumfa da gwangwani mai ɗaurawa a kanta, kada ka dogara da mai bututun roba. Mai bututun roba in ka fara shi sai ka ƙarar, in ka ajiye ya toshe, kuma ba ka da iko da yawan abin da yake fitarwa. Bindiga tana ba ka siririn layi, tana kai wa lungu. Gida kamar naka, ka tanadi manyan gwangwanaye huɗu zuwa shida, da gwangwani ɗaya na wanke bindiga, da allon kumfa biyu masu ƙafa 4 da 8, da silikon bututu uku ko huɗu.

Kuskuren da ya fi yawa: fesa kumfa a kan ƙura. Ba ta kamawa. Za ta kumbura ta yi kyau a ido, ka taɓa ta da yatsa ta ɗago kamar ɓawon burodi, iska na bi ta ƙarƙashi. A share wurin da burushi ko a zuƙe ƙurar tukuna. Na biyu, kumfar nan da danshi take ƙanƙamewa, saboda haka in iska ta bushe ƙayau a ɗan fesa ruwa kaɗan da kwalbar fesawa. Na uku, a karanta jikin gwangwani, akwai sanyin da ba ta aiki a cikinsa, kuma gwangwanin ya kwana a ɗaki, ba a mota ba. In ta taɓa hannu tana ɗanya asiton, irin na goge fentin farce, na cire ta, in ta bushe sai dai haƙuri, don haka safar hannu.

Ɗan Agadas: Malam Injiniya, ka bar wuri mafi haɗari a baya. Bututun hayaƙi. Na ga ana yawan cewa kumfa mai ruwan lemo “ta wuta ce”, a fesa ta ko'ina. Ba haka ba ne. An yi ta ne don toshe ramukan waya da bututu a katako, ta rage saurin wucewar hayaƙi da harshen wuta daga hawa zuwa hawa. Ita kanta tana ci da wuta. Ku duba rubutun gwangwanin, da yawa sun ce kada ta wuce digiri 240 na Faranhait, wato 116 a ma'aunin Salshiyas. Ba ta da hurumi a jikin bututun hayaƙi.

Yadda ake yi: bututun gas na ƙarfe mai bango biyu yana son ratar inci 1 tsakaninsa da duk abin da ke ci da wuta. Na bulo inci 2. Mai bango ɗaya ya fi haka nesa ba kusa ba, in shi ne a saman silin ma to akwai gyara tun daga nan. Sai a yanko langa-langar alminiyom gida biyu, kowanne da rabin da'ira, a rungume bututun, su hau kan juna da kamar inci 3, a buga su a katako. Tsagar da ta rage tsakanin langa-langa da bututu a bi ta da silikon mai jure zafi, jan nan. Sannan a naɗe wata langa-langar ta zama garu kewaye da bututun, da ratar nan ta inci 1, tsawonta ya wuce inda sabon insuleshan zai tsaya. A yanka bakinta a lanƙwasa ƴan kunnuwa ciki don ratar ta zauna daram. In ba garun, injin hurawa zai cusa selulos har jikin ƙarfe.

Mai Wayarin: Fitilun cikin silin ma haka. A cire ƙwan a leƙa cikin gwangwanin, akwai takarda manne. In an rubuta IC, ana iya rufe shi da insuleshan. In babu, sai an bar masa inci 3 ta kowane gefe, kuma shi irin wannan jikinsa duk huji ne, bututun hayaƙi ne ƙarami. Ko mai IC ɗin ma ba lallai ya tare iska ba sai an ƙara rubuta AT. Hanya mafi sauƙi yanzu: a sayi fitilar LED mai faifai da robar liƙewa, wadda ake cusawa daga cikin ɗaki. Ta sama kuma a kifa masa hular da ake sayarwa ta audugar dutse, a liƙe gindinta da kumfa. Kada a yi hular da kwali ko allon kumfa a kan gwangwanin da ba IC ba, gobe wani zai mayar da ƙwai mai zafi bai san abin da ke sama ba.

Akwatin fitila na talaka kuwa, a bi gefensa inda ya haɗu da jifsam, a toshe ƙananan ramukansa daga waje. Ba a fesa kumfa cikin akwati. A kashe layin daga babban allo kafin a taɓa.

Dattijo Mai Rufi: Ni fa ina da ja a kan matsar da tsohuwar auduga gefe-gefe. A kwashe ta gaba ɗaya. Inci 6 na shekara hamsin da wani abu, ta sha ƙura, ƙila ta sha fitsarin ɓera, darajarta nawa? In silin ya zama tsirara kowace kafa tana kallonka. Mai ɗagawa yana mayarwa, wallahi sai ya tsallake wasu.

Injiniya Bazazzagi: Baba, in akwai kashin ɓera ko ta taɓa jiƙewa, ina bayanka. Amma in busasshiya ce mai tsafta, shimfiɗaɗɗiya ce ba hurarriya ba, naɗe ta kamar tabarma ba wuya. Har yanzu tana ba da R-15 zuwa R-19 a ma'aunin R na ƙarfin tare zafi, kuɗi ne. Kwashewa da zubarwa ma kuɗi ne. Da taswira a hannu ana bin bango ɗaya bayan ɗaya, a gama a sa alama.

Dattijo Mai Rufi: Taswira ba ta nuna ramin da mai famfo ya huda a 1985 ya fasa amfani da shi.

Injiniya Bazazzagi: Shi ya sa ake gwajin fanka. Ana ɗaura babbar fanka a ƙofar shiga, ta zuƙe iskar gida har bambancin matsi ya kai faskal 50, a karanta yawan iskar da take ja a minti. Misali a ce ƙafa kubik 1,600 ta nuna. Gida mai ƙafa 1,200 da silin ƙafa 8, cikinsa ƙafa kubik 9,600 ke nan in ba a haɗa da ɗakin ƙasa ba. Ka ninka 1,600 sau 60 ka raba da 9,600, ya ba ka 10. Wato iskar gidan tana sauyawa sau 10 a awa a wannan matsin. Sabon gini a yankin sanyi, kada ya wuce sau 3 ake nema. Tsohon gida ba lallai ya kai nan ba, amma a auna kafin aiki, a auna bayan aiki, kafin a hura komai. Fankar tana aiki, mutum ɗaya yana sama da tsinken turare: duk inda hayaƙin ya nutse ƙasa, akwai sauran aiki. Ramin mai famfon Baba ma zai tona kansa.

Baban Amira, ka sa ɗan kwangilar ya rubuta lambobin nan biyu a takardar yarjejeniya, da hotunan wuraren da ya toshe. Da zarar an hura, ba mai iya tabbatar da komai da ido. Ka kuma tambayi kamfanin gas ɗinku, da yawa suna da rangwame a kan gwajin da aikin.

Ɗan Agadas: Kuma bayan an matse gida a gwada hitar ruwa. Wannan ba wasa ba ne. Hita mai gas irin ta da, mai ɗan hula a kai, hayaƙinta da kansa yake hawa bututu, ba fankar da ke tura shi. In gida ya matse, aka kunna fankar kicin da ta banɗaki da injin busar da kaya lokaci guda, suna iya rinjayar bututun, hayaƙi ya dawo cikin gida. Kabon monoksaid, gubar da ke cikin hayaƙin, ba wari ba launi. Gwajin shi ne a rufe ƙofofi da tagogi, a kunna duk fankokin, a kunna hitar, a kai hayaƙin turare ko ƙaramin madubi bakin hular. Hayaƙi ya shige ciki cikin minti ɗaya zuwa biyu. In yana dawowa, ko madubi ya yi gumi, a kashe a kira mai gas. Robar da ta narke a kan bututun ruwan da ke saman hita ma alama ce cewa abin ya daɗe yana faruwa. Ƙararrawar kabon monoksaid kusa da ɗakunan kwana, ko an yi aikin ko ba a yi ba.

Bakano Mai POP: Sannunku da ƙoƙari malamai. Ni ina gida, mu ba mu san ƙanƙara ba sai a firji. Wannan karatun ya shafe mu kuwa?

Injiniya Bazazzagi: Ya shafe ku Alhaji, amma a juye. Ɗakin da ke da AC, iska mai sanyi nauyi gare ta, tana zurarewa ta ƙarƙashin ƙofa, sai ɗakin ya jawo ta cikin silin ta ramukan daunlait da gefen fanka da bakin manhol. Ita kuwa iskar ƙarƙashin kwano da azahar a watan Afrilu ka san yadda take. Baƙin zoben da ake gani kewaye da daunlait bayan hunturu, ƙurar da ta bi wannan hanyar ce. Sauƙinku shi ne bangon bulo ba ya da rami irin na katako, POP kuma in an yi shi da kyau a shafe yake, don haka kafofin kaɗan ne. Babban abokin gabarku zafin da kwano ke haskowa ƙasa. Takardar alminiyom mai ƙyalli a ƙarƙashin kwano tana rage shi, da sharaɗin fuskarta mai ƙyallin ta kalli sarari, ba a manne da wani abu ba. Sai a bar wa cikin silin hanyar shan iska, da raga saboda jemagu.

Bakano Mai POP: Ragar nan dai ita ce magana. Na gode.

Maman Sadik: Mu dawo Minesota. An yi ta maganar toshewa, kada Baban Amira ya hau ya toshe har da abin da ba a toshewa. Silin ake matsewa, ba rufi ba. Kafofin iska na ƙarƙashin bakin rufi da na ƙololuwa dole su zauna a buɗe, su ne ke kwashe ɗan danshin da ya tsere. Ƙa'idar da aka saba ita ce ƙafa murabba'i 1 ta buɗaɗɗiyar kafa ga kowace ƙafa murabba'i 150 ta silin, ko 300 in an raba su sama da ƙasa yadda ya kamata. A gidansa, da lissafin 300, ƙafa 4 ke nan, inci murabba'i 576, kusan rabi a ƙasa rabi a sama. Lambar da ke jikin kayan ake bi, ba girman ramin ba, don raga tana cin nata.

A kowane tsakanin katakon rufi, can lungun da rufi ya sauko ya haɗu da bango, a buga kwararon roba ko kwali da ke riƙe wa iska hanya. A Amurka ratar inci 1 ce mafi ƙaranci, a nan Kanada milimita 63 muke nema a galibin wuri. A toshe gindinsa da guntun allon kumfa don kada selulos ya zube cikin bakin rufin, kada kuma iska ta riƙa kaɗa insuleshan tana tone shi. Lungun nan shi ne mafi wahalar aiki, a kife ake yinsa, ƙusa na jiran ƙeya, kuma shi ne daidai inda shingen ƙanƙara ke farawa. Nan ne ƴan kwangila suka fi yin ha'inci.

Fankar banɗaki kuma a bi bututunta a ga inda ya ƙare. In a cikin silin yake amayar da tururi, ko an jingina shi kusa da kafar iska kawai, duk aikin banza ne. Ya fita waje ta rufi ko ta bangon gefe, da murfi mai marfin da ke rufe kansa, bututun a naɗe da insuleshan, gajere kuma miƙaƙƙe.

Baban Amira: Hajiya, wani ya ce in sa fanka mai lantarki a rufi ta riƙa zuƙe iskar, ta maye gurbin duk wannan wahalar.

Maman Sadik: A'a. Fanka ba ta san iskar waje da ta ɗaki ba, inda ya fi sauƙi take ja. Silin mai kafofi, daga ɗakinka za ta ja, ka biya kuɗin ɗumamawa ka biya na fanka. Tana ma iya taya hitar ruwa dawo da hayaƙi.

Ɗan Agadas: In akwai bututun iskar ɗumama gida a sama, a shafe mahaɗarsu da mastik, wato ƙullun liƙe bututu, da burushi, kauri kamar kwabo. Ba tef ɗin ƙyalle mai ruwan toka ba, shi bushewa yake ya zube. Inda bakin bututu ya huda silin ma a bi gefensa. Amma gidan Minesota mai ɗakin ƙasa, galibi bututun suna can ƙasa.

Baban Amira: Suna ƙasa. To bayan an gama duk wannan, inci nawa za a zuba?

Injiniya Bazazzagi: Kuna yanki na 6 a taswirar yanayi ta Amurka. Ka nufi R-49 zuwa R-60, kundin ƙa'idar makamashi na 2021 R-60 ya sa. Selulos yana ba da kamar 3.5 a kowane inci. In tsohuwar audugar ta tsaya a R-17, saura 43, wato inci 12 zuwa 13 bayan ya kwanta. Yana kwanciya, don haka a hura fiye da haka, jadawalin jikin buhu yana nuna kaurin ranar hurawa da na bayan kwanciya, da yawan buhu ga kowace ƙafa 1,000. Ka ƙirga buhunan da aka zazzage. Ana iya sa wa inji iska da yawa abu ya tashi fuu ya cika ido, bayan wata uku ya zauna. A manna ma'aunin takarda a jikin katako wuri-wuri, yana kallon ƙofar hawa.

In shimfiɗawa za a yi maimakon hurawa, sabon ya zama marar takarda a jiki, a gicciye shi a kan na ƙasa. Takarda ko leda a tsakanin hawa biyu tarkon danshi ce. A kuma duba kaurin jifsam: mai rabin inci a kan katako masu tazarar inci 24 yana iya yin ciki da nauyin selulos mai kauri, a nan hurarren gilashi ya fi sauƙi ko da zai ɗauki ƙarin inci.

Hukumar muhalli ta ƙiyasta ragin kusan kashi 15 cikin 100 na kuɗin ɗumamawa da sanyayawa in aka haɗa toshewa da insuleshan. Matsakaici ne, kada a yi maka alƙawarin rabi.

Dattijo Mai Rufi: Murfin hawa fa? Kun manta shi, shi kuwa falanki ne tsirara a tsakiyar R-60. A manna masa allon kumfa hawa-hawa, inci 6 ko 8, a sa robar liƙe ƙofa a inda yake zama, da ƙugiya biyu masu jawo shi ƙasa ya danne robar. Nauyinsa kaɗai ba ya isa. A kewaye bakin ramin da garun filawud da ya ɗara insuleshan da inci 2, in ba haka ba duk wanda ya buɗe sai ya yi wanka da takarda.

In da kanka za ka yi toshewar: falanki biyu da za ka riƙa jan ɗaya kana kan ɗaya, kada ƙafa ta sauka ko'ina sai kan katako. Takunkumi na gaske, N95 ko wanda ya fi shi, tabarau, tocilar goshi, hula mai tauri. Ka yi a Oktoba ko Afrilu. A Yuli saman silin yana wuce digiri 50 na Salshiyas, ba wurin ɗan Adam ba ne bayan hantsi. Kwana biyu zuwa uku zai ci maka, ka fara daga lungu mafi nisa kana dawowa wajen ƙofa tun da sauran ƙarfi.

Baban Amira: Allah ya saka da alheri. Na ɗaga audugar saman kicin yanzu, ƙasanta baƙi ƙirin, ramin akwatin kuwa har ina hango bayan kabad. Allon kumfa zan sa ko jifsam?

Injiniya Bazazzagi: Akwai fitila ko bututun fankar girki a cikin akwatin?

Baban Amira: Bututun fankar girki ya bi ta gefe ɗaya.

Ɗan Agadas: To jifsam a wannan gefen, da langa-langa kewaye da bututun. Ka kuma bi shi da tocila ka ga ko ya fita waje.